Zan Bar Aikin Banki In Koma Jinyar Tsofaffi, Yaya Zan Yi da Motsa Jikina?

TAMBAYA: Ni mace ce mai shekara 39, ina da aure da 'ya'ya uku, muna zaune a Kaduna. Na daɗe ina aikin kwantiragi a wani banki, kuma gaskiya na gaji da ƙirga kuɗin mutane da farautar kwastomomi. Shekara biyu da suka wuce mahaifina ya sami shanyewar ɓarin jiki, ni na yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan zuciyata ta karkata ga kula da tsofaffi da marasa lafiya, ina so ya zama sana'ata. Akwai wani da ya ce in kawo wasu miliyoyi zai samo mini irin wannan aiki a Ingila. Na biyu, likita ya ce jinina ya fara hawa, shi ya sa na riƙi motsa jiki: tattaki bayan sallar asuba, tsallen igiya, ran Asabar kuma ina zuwa gidan motsa jiki na mata. Maigidana ya ce idan na fara jinya, aikin kansa ya ishe ni motsa jiki. Haka ne? Kuma ta ina zan fara? Daga wata mai karatu, Kaduna.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya.

Zan fara da maganar Ingila, don ita ce za ta iya cinye miki dukiya kafin mu gama sauran bayani. Kada ki ba mutumin nan ko sisin kwabo. A watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta sa masu kula da tsofaffi cikin jerin ma'aikatan da take ƙarancinsu, kuma dubban 'yan Najeriya sun tafi ta wannan ƙofa. A watan Maris na 2024 ta hana sababbin zuwa tafiya da mata ko miji da 'ya'ya. Daga ranar 22 ga Yulin 2025 kuwa ta daina karɓar masu neman wannan biza daga ƙasashen waje ɗungurungum. Waɗanda ke can ciki kawai aka bar wa damar sabuntawa ko sauya wurin aiki, su ma zuwa 2028. To ta wace ƙofa dillalin nan zai bi da ke?

Ko lokacin da ƙofar take a buɗe, takardar ɗaukar nauyin ma'aikaci da suke kira COS ba hajar sayarwa ba ce. Kamfanin da zai ɗauki mutum aiki shi ke biyan kuɗinta ga gwamnati, fam 239 a da, fam 525 daga Afrilun 2025. Amma dillalai suka riƙa sayar da ita a kan dubban fama-famai. Mutane sun kaɗar da filaye da gwala-gwalai, suka sauka suka tarar kamfanin babu shi sai a takarda, ko yana nan amma ba shi da aikin ba su. Gwamnatin Birtaniya da bakinta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin irin waɗannan kamfanoni sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Hanyar da ta rage ita ce ta cikakkiyar nas mai rajista, wadda za ta ci jarrabawar Turanci da ta majalisar nas-nas ta can, kuma wannan tafiya ce ta shekaru. Dokar shige da fice tana sauyawa, saboda haka duk ranar da wani ya ce miki an sake buɗewa, ki duba shafin gwamnatin Birtaniya da idonki. Masu cewa za su kai ki Saudiyya jinyar wata tsohuwa su ma haka: in ba kamfani mai lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ba ne, da kwantiragi a rubuce, ki yi musu sallama.

Aikin da kike so yana nan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60, kuma nan da 2050 kashi 80 cikin 100 na tsofaffi za su kasance a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, irin tamu. Ba ma sai an kawo mana alƙaluma ba. Babban gida ya watse, ɗa yana Abuja, 'ya tana aure a Legas, surukar da a da ita ke ɗauke da jinyar uwar miji yanzu tana ofis ko tana koyarwa. Hawan jini da ciwon suga suna kwantar da mutum shekara da shekaru. Ki shiga kowane babban asibiti ki ga masu jinya da tabarminsu da fulas ɗinsu: su ke wanka, su ke ba da abinci, su ke zubar da fo, kuma kusan babu wanda aka taɓa koya wa yadda ake yi. Gwamnati ma ta fara farkawa, ko da yake da nawa. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a 2012, an yi dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a 2017, cibiyar ta fara aiki a 2021.

Sai dai buƙata daban, kasuwa daban. Har yanzu gidaje da yawa na ganin abin kunya ne a ce bare ke wanke uwarsu, waɗanda suka yarda kuma sukan taya albashin 'yar aiki. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma kada ki yi mamaki in wani mai hali ya taya miki ƙasa da haka, kwana da yini. Ke ma'aikaciyar banki ce, ba sai na koya miki lissafi ba. Ki tara abin da zai riƙe naki kason na hidimar gida wata shida aƙalla kafin ki rubuta takardar ajiye aiki. Idan kina da asusun fansho, dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 bayan ya yi wata huɗu ba aiki, amma ki bar wannan a matsayin mafita ta ƙarshe. Ki zauna da maigida ku yi maganar kwanan waje, da wanda zai kai yara makaranta ranar da kika dawo da safe ido ya yi ja.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi, kuma zan faɗa miki shi ba ɓoye-ɓoye. Wanda kika yi jinya mahaifinki ne. Shi ya haife ki, in ya yi miki tsawa kin san muryar, in ya sa miki albarka kin kwana da farin ciki. Tsohon wasu ba haka yake ba. Zai iya tofo miki abinci, ya zage ki, in kuma gigin tsufa ya kama shi ya rantse ke kika ɗauke masa kuɗi daga ƙarƙashin matashin kai. 'Ya'yan da ba sa leƙowa sai ran Juma'a su ne za su fi kowa ƙorafi. Ga kashi da fitsari, ga warin gyambon kwanciya, ga mutuwa, domin da yawa cikin waɗanda za ki riƙe a hannunki za su cika. Kuma sau da yawa kewar mamaci takan sa mutum ya so ya ci gaba da abin da yake yi masa. Wannan ba aibi ba ne, mutane da yawa ta wannan hanya suka gano sana'arsu, amma ya kamata ki gwada zuciyar tukuna. Ki yi amfani da hutunki na shekara da ranakun ƙarshen mako ki taimaka a jinyar wata tsohuwa da ba danginki ba, a unguwa ko ta hannun ƙungiyoyin mata masu ziyarar asibiti. Ki yi haka wata uku zuwa shida. Idan bayan kin wanke tsohuwar da ba ta san sunanki ba, ba ta kuma gode miki ba, kika wayi gari kina son komawa, to aikin naki ne.

Game da karatu, ya danganta da nisan da kike son zuwa. Mai kula da majinyaci a gida horon watanni take buƙata: wanka a kan gado, juya mai kwance, ciyarwa, awon jini da suga, taimakon gaggawa. Ƙungiyar Red Cross tana koyar da taimakon gaggawa, kuma da shi ya kamata ki fara tun kina banki. Sama da wannan akwai ma'aikatan lafiyar al'umma, JCHEW shekara biyu, CHEW shekara uku, a makarantu irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Sama da su kuma aikin nas, shekara uku zuwa huɗu a kwaleji, biyar a jami'a. Nas na buƙatar kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. In darussan kasuwanci kika yi a sakandare, sai kin sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, kuma wasu makarantun suna sa iyakar shekaru, ki tambaya kafin ki sayi fom. Abin da ba na so ki yi sakaci da shi shi ne rajistar makaranta. Ki tabbata Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Najeriya, ko hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, ta amince da ita. Makarantun bogi sun yi yawa, har gwamnatin Kano ta rufe fiye da ashirin a 2022. Shekara uku da kuɗin makaranta su tafi a kan takardar da ba ta ba da lasisi, asara ce babba.

In ra'ayina kike so, ki fara da ɗan gajeren horon nan, ki yi aikin shekara guda, sannan ki yanke shawarar komawa aji. Kada kuma ki raina abin da za ki taho da shi daga banki. Kin saba da rubuta komai, da riƙe sirri, da haƙuri da mai fushi. A jinya littafin da aka rubuta ƙarfe nawa aka sha magani, nawa jini ya nuna, yaushe aka juya majinyaci, shi ne abin da likita ya fi so ya gani, kuma shi ne zai wanke ki ranar da dangi suka taso. Wata rana ma kina iya tara mata ki horar da su, ki riƙa tura su gidaje da yarjejeniya da tsari, abin da garuruwanmu ke ƙishirwarsa.

Ki san iyakarki. Mai kula ba ta allura, ba ta sa ƙarin ruwa, ba ta sa robar fitsari, ba ta ƙara ko rage magani, ko da dangi sun ce "ai ke ma'aikaciyar lafiya ce." A rubuta aikinki da awoyinki da ranar hutunki, in ba haka ba cikin wata guda za ki tsinci kanki kina wanke-wanken gidan gaba ɗaya. Ki zaɓi jinyar mata, ya fi miki sauƙi ta fuskar addini da bakin mutane. Kafin ki fara ki yi gwajin ciwon hanta nau'in B, in ba ki da shi ki yi rigakafi, allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Safar hannu da wanke hannu kuwa ba abin wasa ba ne.

Yanzu ga maganar maigida. Ki gaishe shi, ki ce masa ya yi gaskiya cewa za ki gaji, amma gajiya ba ita ce motsa jiki ba. Da aikin ƙarfi kaɗai yana gina lafiya, da 'yan dako da masu tura kurar ruwa ba su tsufa da ciwon baya da gwiwa ba. Masu bincike a ƙasar Denmak sun bi diddigin mutane sama da 100,000 na birnin Kofanhagen na kimanin shekara goma, suka wallafa sakamakon a 2021. Waɗanda ke motsa jiki a lokacin hutunsu haɗarin ciwon zuciya da mutuwa ya ragu a cikinsu, waɗanda aikinsu ne na wahalar jiki kuwa haɗarin ya ƙaru. Binciken bai ce aikin ne kaɗai sanadi ba, amma dalilan da masana suka kawo suna da ma'ana. Aikin jinya tsayuwa ce ta awa takwas ko goma sha biyu, da sunkuyo, da ɗaukar nauyi a karkace. Bugun zuciya da jini suna ɗan hawa su zauna a sama yini guda, ba su kai matsayin da zai ƙarfafa zuciya ba, ba su kuma sauka ta huta ba. Tattakinki na asuba kuwa ke kika zaɓi saurinsa, minti talatin ne ko arba'in, manyan tsokoki suna aiki a jere, sannan ki huta. Ga mai hawan jini wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Abin da ya fi fitar da masu jinya daga sana'ar shi ne baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu da ƙasan baya, kuma nas-nas da masu kula suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara a 2007 cewa kada mai jinya ya ɗaga fiye da kimanin kilo 16 na jikin majinyaci da hannu. Ƙafa ɗaya ta mutum mai ƙiba tana iya kai wannan nauyi. Ma'ana, babu wata dabara da za ta sa mace ɗaya ta ciccibi babban mutum daga gado zuwa keken guragu ba tare da ta cutar da kanta ba. A can ƙasashen suna da na'urar ɗagawa. A nan abin da muke da shi shi ne mutum na biyu da zani mai ƙarfi da aka shimfiɗa ƙarƙashin majinyaci, ku kama gefe da gefe ku ja tare bayan kun ƙirga uku. Ki sa wannan cikin yarjejeniya: duk lokacin ɗagawa gidan zai ba da mataimaki.

Sauran ƙa'idojin kin san wasunsu daga jinyar Baba. Ki ware ƙafa, ki lanƙwasa gwiwa da ƙugu, ki matso da majinyaci jikinki, in za ki juya ki juya da ƙafafu, kada ki murɗa baya. Kada ki bari ya rataya hannu a wuyanki. Mai shanyewar ɓarin jiki ba a jan sa ta hannun da ya mutu, kafaɗar tana iya gocewa. Duk abin da zai iya yi da kansa ki bar shi ya yi, ko da zai ɗauki lokaci, alheri ne gare shi da bayanki. In ya taho zai faɗi kada ki yi ƙoƙarin cafe shi, ki tallafe shi ku sulale ƙasa a hankali kina kare kansa. Katifar ƙasa, wadda tsofaffinmu suka fi so, ita ce ta fi wahalar da mai jinya. In hali ya yi a nemi gadon da ya kai ƙugunki, in bai yi ba ki durƙusa a kan gwiwa ɗaya maimakon ki sunkuya.

Amma sanin dabara kaɗai bai isa ba. Wani nazari da masana a Ostareliya suka wallafa a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa motsa jiki ne ke rage aukuwar ciwon baya, shi kaɗai ko haɗe da ilimantarwa. Ilimantarwa ita kaɗai, da ɗamarar baya da ake sayarwa a kemis, ba su nuna wani amfani ba. Kin ga ke nan tambayoyinki biyu sun haɗe: motsa jikin da kike tsoron rasawa shi ne zai ba ki damar daɗewa a aikin.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Matsakaici shi ne wanda kina haki kaɗan amma za ki iya hira. Mai tsanani kuwa kalma biyu uku za ki faɗa ki nemi numfashi. Tattakinki da igiyarki sun biya wa zuciya haƙƙinta. Inda nake ganin giɓi shi ne ƙarfi, kuma shi sabon aikin zai fi tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara tun yanzu da sauran watanni a gabanki.

Ba sai kin sayi ƙarafa ba. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 10 kilo 10 ce, kuma kina iya rage ruwan ko ki ƙara. Ki rungumi jarka a ƙirji ki zauna a kujera ki tashi, sau takwas zuwa goma sha biyu, ki huta, ki maimaita sau biyu ko uku. Wannan shi ne ainihin motsin tayar da majinyaci. Ki ajiye jarkar a ƙasa tsakanin ƙafafunki, ki tura ƙugu baya, baya a miƙe, ki ɗago ta ki mayar. Ki riƙi jarka a kowane hannu ki zagaya tsakar gida, yana ƙarfafa riƙo da kafaɗa da tsokokin ciki. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki ɗaga ƙugu sama ki sauke. Ki dafa bango ko bakin tebur ki tura jikinki. Tsohon tif na keke, in kika ɗaura shi a ƙarfen taga kika riƙa jawowa zuwa ciki, ya ishi tsokokin saman baya. Minti ashirin zuwa talatin, sau biyu a mako, da kwana ɗaya aƙalla a tsakani. Idan sau goma sha biyu ya zama wasa, ki ƙara ruwa.

Tunda jininki yana hawa, kada ki riƙe numfashi lokacin ɗagawa, ki fitar da iska yayin da kike yunƙurawa. Ki gaya wa likitanki za ki fara ɗaga nauyi. Ranar da awo ya nuna 180 bisa 110 ko sama, ba ranar atisaye ba ce, ranar ganin likita ce. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ki tsaya nan take. In an ɗora ki a kan magani, motsa jiki ba ya maye gurbinsa sai likita ya ce.

Sassauya motsi da kike yi abu ne mai kyau, ki riƙe shi. Yana raba wahala tsakanin gaɓoɓi, yana hana gundura, kuma in ɗaya ya gagara wani zai yiwu. Sai dai zaɓin zai ɗan canza. Ranar da kika yini a tsaye, ƙafa ba ta buƙatar tsallen igiya, ta fi buƙatar ki kwanta ki jingina ta a bango, ki miƙe tsokar sharaɓa da cinya. Igiya ki bar ta ranar hutu. In kuma kina ganin ɗigon fitsari lokacin tsalle, abin da ke samun mata da yawa bayan haihuwa, ba abin kunya ba ne, likitocin gashin ƙashi suna koyar da atisayen matse tsokokin mara, kuma yana aiki. Keken motsa jiki da ninƙaya, inda aka ware wa mata lokaci, suna hutar da gwiwa. Rawa a ɗaki ke da 'ya'yanki ita ma tana cikin lissafi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya lokacin da kike jiran ruwa ya tafasa tana gyara daidaito, wanda za ki buƙata a banɗaki mai santsi da tsohuwa a hannu.

Babban abin da zai canza shi ne lokaci. A banki kin san ƙarfe nawa za ki fita, a jinya asubar da kika saba tattaki ita ce lokacin wanka da canza ƙunzugu. Saboda haka kada ki ɗaure motsa jikinki da agogo, ki ɗaure shi da jadawalin aiki. Duk ranar da aka ba ki na mako, ki zauna ki sa alama a kwana biyun ƙarfi da kwana ukun tattaki. Hukumar Lafiya ta cire tsohon sharaɗin cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi, don haka sauka daga Keke Napep kafin a kai ki ƙofar gida, ki ƙarasa da sauri a ƙafa, yana shiga lissafi. Bayan aikin dare barci ne farko, ki rufe labule, ki kashe waya, atisaye sai da la'asar. Shayi mai kauri da Nescafe da goro ki dakatar da su kamar awa shida kafin lokacin kwanciyarki. Makon da majinyaci ya rikice kika kasa komai, ba a rama atisaye, ki ci gaba daga inda kika tsaya. Wani lokaci ma majinyacin abokin motsi ne: waɗanda suka haura 65 ana so su yi atisayen daidaito da ƙarfi kwana uku a mako don rage faɗuwa, in likitan gashin ƙashi ya tsara mata nata, ku yi tare.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Daga Maris zuwa Mayu sai da sassafe ko bayan magariba, da ruwa a hannu. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, ki yi a ɗaki. A watan azumi ki rage nauyi, ki mayar da shi bayan asham, ko ɗan tattaki gab da shan ruwa. Ranar hutu ki nemi abokiyar tafiya ku je Dandalin Murtala, inda mata da maza ke zagaye da safe, domin mai jinya tana yini da mutum ɗaya a ɗaki ɗaya, tana buƙatar ganin fuskokin masu lafiya. Ki sayi takalmi mai rufi, marar santsi, mai laushin ciki. Silifas ya jawo wa masu jinya faɗuwa da yawa.

Abu ɗaya da nake roƙonki ki guje masa shi ne haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a kemis. Yawanci akwai magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen a ciki, kuma shan su kullum yana ƙara hawan jini, yana cin ciki, yana lalata ƙoda. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan sabon atisaye ba komai ba ne. Ciwon baya da ke sauka ƙafa da sanyin jiki ko kasala, ko wanda ya wuce 'yan makonni, na asibiti ne. In ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, a tafi a ranar.

Saboda haka a wannan watan ki ba dillalin Ingila haƙuri, ki yi rajistar koyon taimakon gaggawa, ki nemi tsohuwar da za ki gwada kanki a kanta, ki cika jarkarki da ruwa. Takardar ajiye aiki ta jira tukuna. Ki yi istihara, ki shawarci maigida, bayan wata shida ki sake rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.